Bakin Abokan Aiki Da Mutumin Da Ya Bar Giya

 

Jawabin wannan wata ba a kan illar giya yake ba. Wannan kowa ya sani, yaro ma ya sani. Mashayin kansa ya fi kowa sani, domin shi ne ya sayar da akuyar matarsa, shi ne ya kwana a bakin kwata. Jawabin a kan mutumin da ya riga ya ajiye kwalba ne, ya koma bakin aikinsa yana so ya gyara zamansa, da kuma abin da bakin abokan aikinsa yake yi masa.

In an ce wurin aiki, ba ofis kaɗai ake nufi ba. Tashar mota wurin aiki ce. Garejin kanikawa, da rumfar mahauta, da wurin 'yan dako a kasuwar hatsi, da fadamar noman rani, da makarantar firamare ta ƙauye, duk wuraren aiki ne. Duk inda mutane suke haɗuwa kullum don neman abinci akwai hira. Inda akwai hira kuwa, gulma ba ta nisa.

DIREBAN TARAKTA

Ga misali. Babu sunan kowa a ciki, domin irin wannan ya faru a garuruwa da yawa.

Wani direban tarakta ne a sashen aikin gona na wata ƙaramar hukuma. Gwani ne a aikinsa. In ya yi haro a gona, sai ka ce ɗaki aka share. Amma ya shekara 12 yana sha. Ya fara da ƙwarya ɗaya ta burkutu ran kasuwa. Sannu a hankali har ya kai ga in bai kurɓa da safe ba, hannunsa ba ya iya riƙe sitiyari. Wata rana ya yi aman jini. Ƙaninsa ya ɗauke shi zuwa asibiti, ya yi mako uku a kwance. Likita ya gaya masa gaskiya: hantarsa ta fara taɓuwa, in ya ci gaba da wuya ya ga auren 'yarsa. Ya yi kuka, ya ce ya bari.

Ran Litinin ya yi wanka, ya sa riga mai tsabta, ya koma aiki. Ya tarar da abokan aikinsa a teburin mai shayi ana ta hira. Yana yin sallama kowa ya yi tsit. Can sai wani ya ce, "A'a, Alhaji Kwalba, an dawo? Yaya hutu?" Aka tuntsire da dariya. Shi ma ya yi yaƙe. Da ya juya baya ya ji wani yana cewa tuban muzuru ne, a ba shi mako biyu. Wani ya ce ai kowa ya tuba don wuya ba lada.

Ran Laraba ya zo da jajayen idanu, domin kwana biyu barci ya ƙi zuwa. Masinja ya gani, ya gaya wa akawu. Akawu ya gaya wa mai kula da sito. Kafin azahar magana ta kai kunnen shugaban sashe cewa jiya da dare an gan shi yana fitowa daga mashaya. Wa ya gan shi? Babu. An dai ce.

Mako na biyu aka nemi jarka ɗaya ta man dizal aka rasa. Ba a yi bincike ba. Kowa ya riga ya san wanda yake zargi. Shugaban sashe bai kore shi ba, bai kuma tambaye shi komai ba. Ya dai karɓi makullin tarakta ya ba yaronsa, ya ce masa, "Ka ɗan huta tukuna." Daga ranar sai ya zo da safe ya zauna a gindin darbejiya har a tashi. Ɗan tukuicin da manoma suke ba shi ya tsaya. Masu gaishe shi suka ragu.

Ranar albashi mutum ɗaya ne ya zo ya zauna kusa da shi, wato tsohon abokin shansa. Ya ce, "Yaya, mutanen nan fa ko ka sha ko ba ka sha ba, mashayi suke kiranka. To wahalar me kake yi?"

A bar shi nan gindin darbejiya da albashinsa a aljihu. Za a dawo kansa.

ABIN DA KE FARUWA A JIKI

Mutane da yawa suna zaton barin giya kamar cire riga ne, ka tuɓe ka jefar. Ba haka ba ne ga wanda ta riga ta kama.

Giya tana danne ƙwaƙwalwa kamar yadda linzami yake danne doki. In mutum ya shekara da shekaru yana sha kullum, sai ƙwaƙwalwar ta saba, ta riƙa ja da ƙarfi don ta rinjayi linzamin. Ranar da aka cire linzamin gaba ɗaya, sai dokin ya zabura. Tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, hannu yakan fara rawa, zufa ta keto, zuciya ta riƙa tashi, barci ya gudu. Wasu sukan faɗi suna shure-shure kamar masu farfaɗiya a cikin kwana biyun farko. Wasu kuma tsakanin kwana na biyu da na huɗu hankalinsu yakan rikice, zazzaɓi ya rufe su, su riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango alhali babu komai. A ƙauye sai a ce iskoki ne ko sammu. Ba iskoki ba ne, jiki ne yake neman abin da ya saba da shi, kuma wannan hali yana kisa.

Saboda haka duk wanda yake sha da yawa kullum, kada ya kulle kansa a ɗaki ya ce zai bari shi kaɗai. A kai shi asibiti. Akwai maganin da ake bayarwa na 'yan kwanaki don a kwantar da jikin, da allurar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa.

Bayan wannan mako mai wuya, sauran aiki yana nan. Barci yakan yi makonni, wani har watanni, kafin ya daidaita. Mutum yakan zama mai saurin fushi, ko mai mantuwa, ko ya riƙa jin duniya ta yi masa lami. Kwaɗayin giyar yakan taso masa kamar guguwa, ya yi ɗan lokaci ya lafa, ya sake dawowa.

To, a lura. Jan ido, da rawar hannu, da hamma da rana, da saurin fushi, su ne alamun da magulmata suke riƙewa su ce ya koma. Alhali sau da yawa su ne alamun cewa ya bari. Ban da haka, ƙurar hunturu tana ja ido. Ban ruwan dare a fadama yana ja ido. Mai ciwon sukari in sukarinsa ya faɗi yakan yi tangaɗi, harshensa ya karye kamar wanda ya bugu, kuma shi agaji yake bukata nan take.

Wannan ciwo ba na gari ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2024. Ta ce a shekarar 2019 mutum kusan miliyan 209 ne a duniya giya ta kama har suka dogara da ita, kuma ta jawo mutuwar mutum miliyan 2 da dubu 600 a wannan shekara kaɗai.

YADDA GULMA KE TURA MUTUM BAYA

Wani masani mai suna Alan Marlatt, malami a Jami'ar Washinton ta Amurka, ya daɗe yana nazarin abin da ke mayar da mutane ga shaye-shaye bayan sun bari. A shekarun 1970 da 1980 shi da abokan aikinsa sun riƙa tambayar waɗanda suka koma, me ya faru daf da komawarsu. Kusan uku cikin huɗu na amsoshin sun taru a wuri uku. Na farko ɓacin rai, wato baƙin ciki, da fushi, da kaɗaici. Na biyu saɓani da wani mutum. Na uku jan abokai.

Yanzu a sake duban direban tarakta. An yi masa dariya, an lanƙaya masa suna, ransa ya ɓaci. An zarge shi da satar mai, an karɓe makulli, ga saɓani da maigidansa. Kowa ya guje shi sai abokin sha, ga jan abokai. Gulma ɗaya ta haɗa masa duka ukun a cikin wata guda. Masu gulmar ba su saya masa giya ba, ba su kai shi mashaya ba. Amma sun toshe duk sauran hanyoyi, sun bar masa guda ɗaya a buɗe.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a gani. Mai barin giya kullum yana fama da murya biyu a zuciyarsa. Ɗaya tana ce masa zai iya. Ɗaya tana ce masa hali zanen dutse ne, shi mashayi ne har ya mutu. Duk ranar da ya ji an ce "a ba shi mako biyu", murya ta biyu ta sami mai taya ta. Ga shi yana ganin ana ƙirga masa kwanaki, kamar masu jiran mangwaro ya faɗo. In kuwa ya faɗi, su ne za su fara cewa, "Ba mun faɗa ba?" Ba za su tuna cewa da hannunsu a ciki ba.

Komawa sau ɗaya ba shi ne ƙarshen magana ba. A shekarar 2000 wasu likitocin Amurka sun buga wani nazari a mujallar ƙungiyar likitocin ƙasar. Sun ce tsakanin 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa maganin giya ko ƙwaya sukan sake sha cikin shekarar farko. Sun kwatanta wannan da hawan jini, da asma, da ciwon sukari, cututtukan da su ma sukan lafa su sake tashi. Mai hawan jini in jininsa ya sake hawa, ba a cewa ya yi tuban muzuru. Ana ce masa ya koma wajen likita.

MAGANA BA TA TSAYAWA A WURIN AIKI

A birni mutum yakan tashi daga aiki ya shige unguwar da ba a san shi ba. A ƙauye babu wannan. Masinjan ofis maƙwabcinka ne. Matar akawu da matarka adashinsu ɗaya. Abin da aka faɗa a teburin mai shayi da safe, kafin magariba ya kai bakin rijiya, ya shiga gidan biki. Magana zarar bunu ce.

Matar da ta fara samun kwanciyar rai sai ta ji a gidan suna cewa mijinta ya koma. Ya dawo gida da gajiya, ta tare shi da kuka da shinshinar baki. Ya rantse, ba ta yarda ba, rigima ta tashi. Mai shago ya hana shi bashin da ya saba ba shi. 'Yan ƙungiyar manoma suka tsallake sunansa a rabon taki. Masu neman auren 'yarsa suka zo bincike, aka ce musu, "To, mu dai ba mu ce komai ba." Yaransa a makaranta ana kiransu 'ya'yan Kwalba.

In mace ce abin ya fi muni. Matar da ta taɓa sha, ko wadda ta taɓa dafa burkutu ta bari, in ta shiga ƙungiyar masu ƙuli-ƙuli ko masu gyaran shinkafa, ba a tsayawa kan giya kaɗai. Sai an haɗa mata da zargin da ya fi wannan. Da yawa sukan bar sana'ar su koma ɗaka, ko su koma ga tukunyar da suka baro, domin a can ba mai yi musu gori.

DALILIN DA YA SA AKE ƁOYEWA

Daga 1999 zuwa 2001 jihohi 12 na arewacin Nijeriya suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, Zamfara ce ta fara. A waɗannan jihohi hukuncin Musulmin da aka tabbatar ya sha giya bulala ne. Amma a lura da kalmar nan, tabbatarwa. Alƙali ba ya yanke hukunci da "an ce". Sai mutum ya amsa da bakinsa, ko shaidu biyu adilai sun tsaya. Teburin mai shayi kuwa ba ya neman shaida ko ɗaya, kuma hukuncinsa ba ya ƙarewa.

Tsoron baki shi ke hana mutane da yawa neman magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa da suke kula da masu shaye-shaye, kamar na Barnawa a Kaduna, da na Kware kusa da Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano. Amma jama'a suna kiransu asibitin mahaukata. Mutum yakan ce a ransa, in aka gan ni a can, da ma ana ce mini mashayi, yanzu a ƙara da mahaukaci. Sai ya zauna a gida har hanta ta lalace. Ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani.

Ya kamata jama'a su san cewa doka ta rufa wa majiyyaci asiri. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta hana ma'aikacin lafiya bayyana ciwon mutum ko maganin da ake yi masa, sai da izininsa a rubuce, ko da umarnin kotu ko wata doka, ko in rufewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. Sau da yawa ma ba daga asibiti asirin yake tonuwa ba. Daga ofis ne. Takardar likita ta zo, ta bi ta hannun masinja, da akawu, da mai buga tafireta, kowa ya karanta. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan wannan a 1996. Ta ce a ɗauki matsalar giya a wurin aiki a matsayin matsalar lafiya, a riƙe bayanin ma'aikaci a asirce, kuma kada a nuna bambanci ga wanda ya taɓa sha ya nemi magani ya warware.

Mashayan da kansu sun daɗe da gane haɗarin baki. A 1935, a garin Akron na jihar Ohio ta Amurka, mutum biyu suka haɗu. Ɗaya ɗan kasuwa ne, Bill Wilson. Ɗayan likitan fiɗa ne, Bob Smith. Dukansu giya ta kusa hallaka su. Suka ga cewa in mashayi ya zauna da ɗan'uwansa mashayi suka gaya wa juna gaskiya, barin yakan zo da sauƙi. Daga nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato mashayan da ba a faɗin sunansu. A taronsu sunan farko kawai ake kira, kuma abin da aka ji a ɗakin a nan ake barinsa. Tsoron abin kunya da rasa aiki yana cikin dalilan wannan tsari. Wa zai kwanta likita ya yi masa fiɗa in ya ji ana cewa mashayi ne? Shi Bob Smith ɗin ma ya zame sau ɗaya bayan haɗuwarsu. Ya tashi, ya sake ɗaura ɗamara a watan Yuni na 1935, bai ƙara sha ba har ya mutu a 1950.

BA DUK MAGANA CE GULMA BA

Wani zai ce, to in an ga direba a buge zai ɗebi fasinja, sai a yi shiru don kada a yi gulma? A'a. Shiru a nan laifi ne. Direba, da mai injin niƙa, da mai feshin maganin ƙwari, da malamin da aka danƙa wa yara, in sun zo aiki a buge za su iya jawo asarar rai. Dole a hana.

Bambancin yana wuri biyu: me ka gani, kuma wa ka gaya wa. Wanda ya gani da idonsa, ya je wajen sarkin tasha ko shugaban aiki a keɓe, ya ce, "Ranka ya daɗe, yau da ƙarfe bakwai na ga wane yana tangaɗi, na ji wari a bakinsa, kada a ba shi mota," wannan ya ceci rayuka, har da ran direban. Wanda bai ga komai ba, ya zauna a benci yana cewa ruwa ba ya tsami banza, wannan ba ya neman ceton kowa. Hira yake nema. Alamar gane su mai sauƙi ce. Mai gaskiya yakan yarda a kira wanda ya ambata a gabansa. Magulmaci yakan ce, "Kada ka ce ni na gaya maka."

ABIN DA ADDINI YA CE

Masu gulmar mashayi sukan ɗauka aikin lada suke yi, tunda giya haramun ce. Sun manta cewa littafin da ya hana giya shi ne ya hana giba. A Suratul Hujurati, aya ta 11 da ta 12, an hana izgili, an hana jifan juna da munanan sunaye, an hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane, aka kamanta giba da cin naman ɗan'uwa matacce. Wanda zai ce ai gaskiya ya faɗa, to a cikin Sahihu Muslim an bayyana cewa in abin da ka faɗa a bayan idon mutum gaskiya ne, giba ke nan, in ƙarya ne kuwa, ƙage ne, wanda ya fi muni.

A cikin Sahihul Bukhari akwai labarin wani mutum da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. An hukunta shi, ya sake. Wani a cikin jama'a ya la'ance shi saboda yawan kawo shi da ake yi. Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ita kanta giyar ba rana ɗaya aka hana ta ba. An bi mataki-mataki, a Baƙara, sannan Nisa'i, sannan Ma'ida. Malamai suna cewa akwai hikima a wannan, domin abin da jiki ya saba da shi ba ya fita da sauƙi.

'Yan'uwa Kirista su ma suna da wannan a littafinsu. Wasiƙar Yaƙub sura ta 3 ta kamanta harshe da ɗan ƙaramin garwashi mai ƙone babban daji. Matiyu sura ta 18 ta koyar da cewa a fara samun mai laifi a keɓe, tsakanin mutum biyu.

KOMAWA GINDIN DARBEJIYA

Direban tarakta ya bi abokin nasa. Bayan kwana 47 bai sha ba, ya sha a wannan dare.

Da asuba ya farka da kunya kamar ya nutse. Nan ne wuri mafi haɗari, domin zuciya takan ce tunda an ɓata, a ƙarasa. Abu ɗaya ya yi daidai. Ya aika yaro ya kira ƙaninsa, ya ce, "Na faɗi. Ka mayar da ni wajen likita." Ma'aikacin lafiyar da ya gan su bai yi masa faɗa ba. Ya tambaye shi abin da ya faru daki-daki, tun daga teburin mai shayi har zuwa makulli. Sannan suka yi shiri. Ranar albashi ƙaninsa zai zo da babur ya ɗauke shi, kuɗin kuma a hannun uwargida za su kwana. Zai canza hanyar komawa gida, ya daina bi ta gaban mashaya. Ba zai fita aiki da yunwa ba. Ba zai tsaya amsa wa kowa ba, mutum biyu kawai zai riƙa gaya wa halin da yake ciki, ƙaninsa da limamin unguwarsu. In aka tsokane shi, amsarsa ɗaya ce: "Ina shan magani, na gode."

A ofis kuwa akwai wani tsoho maigadi wanda ba ya zama a teburin mai shayi. Shi ya san inda jarkar dizal ta tafi. An zuba ta a janareta ranar da aka yi baƙi, mai kula da sito ya manta bai rubuta ba. Tsohon ya yi kwanaki yana jin nauyin magana. Da ya ga direban bai zo aiki kwana uku ba, sai ya sami shugaban sashe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba mai ilmi ba ne. Amma man nan a gabana aka zuba shi. Yaron nan kuma wata guda ina kallonsa, ban taɓa jin wari a bakinsa ba. Kun hukunta shi kan abin da bai yi ba."

Shugaban sashe ya duba littafin sito, ya ga haka ne. Bai tara jama'a don ba da haƙuri ba, manya ba su cika yin haka ba. Amma ya kira direban ofis, ya rufe ƙofa. Direban bai ɓoye masa ba, ya ce ya zame sau ɗaya, ya koma asibiti. Suka yi yarjejeniya. Kullum da safe zai shigo ofis su gaisa, a nan zai karɓi makulli daga hannun shugaban kansa. Ranar da shugaban ya ji wari ko ya ga tangaɗi, babu makulli, babu kuma shela, za a kira ƙaninsa. Takardar likita daga hannunsa sai aljihun teburin shugaba, ba ta bi ta hannun kowa.

Washegari shugaban ya tsaya a teburin mai shayi, abin da bai saba yi ba. Ya ce daga yau duk wanda ya ga wani abu game da kowane ma'aikaci, ya same shi a ofis ya faɗa, za a kira mutumin a gabansa. Wanda bai gani ba, ya sha shayinsa. Ba wanda ya taɓa zuwa.

Gulmar ba ta mutu ba. Har yanzu akwai masu ce masa Kwalba in ya ba da baya, kuma masu neman auren 'yarsa na farko ba su dawo ba. Barcinsa bai gama daidaita ba. Amma da damina ta faɗi shi ne a kan tarakta, manoma kuma suna layi a rubuta sunansu. Ranar asibitinsa Alhamis ɗin farko ce ta kowane wata. A littafin zuwa aiki, akawu yana rubuta kalma ɗaya a gaban sunansa: izini.

A nan za a dakata. Sai wani watan, in Allah ya kai rai.